Wake Biyar a Bakin Gadon Sitti

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun dawo da Hajja gida. Kafin mu fito likita ya ja ni gefe, ya faɗi abin da ya faɗa, ya miƙo mini takardar magani. Na kira mijina Nidal a Dammam, inda yake aiki, na maimaita masa. Ya ce, "Kar ki gaya mata. Ki ce gyambon ciki ne." Mahaifiyarsa ce, na bi maganarsa. Hutunsa kuma wai sai mai gidansu na wurin aiki ya dawo daga tafiya ya sa hannu.

Na tarar da gidan kamar an yi dambe a ciki. Ƙusay, mai shekara tara, ya bar safarsa a kan tebur ɗin cin abinci. Lujain, mai biyar, ta zana rana a bangon falo da jambakina. Ni da nake riƙe aji guda da kallo kawai, 'ya'yana biyu sun gagare ni. Na ɗauki hutu daga makaranta, amma hannuna biyu ne, kuma duka biyun yanzu na Hajja ne.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Na kawo dabarar aji gida. Na wanke kwalaben zaitun guda biyu, na ɗaura wa kowacce jan zare a wuya, na ajiye farin wake a kwano. Wanda ya gyara shimfiɗarsa, wake ɗaya. Fitar da shara, biyu. Sayo burodi, biyu. Zagi, duka ko ƙarya, a cire. Ranar da wake ya taɓo zare, mai kwalba ya faɗi abin da yake so.

Lujain takalmi mai wuta take so. Ƙusay ko numfashi bai ja ba ya ce tattabaru biyu, mace da namiji.

Hajja tana jin mu daga ɗakinta. Ta ɗaga murya, abin da ya rage mata na muryar: "Malama, duk garin nan na Irbid ban taɓa jin inda aka biya ɗa don ya ɗauke kwanon da ya ci abinci a ciki ba. Mu silifa aka nuna mana, ga mu mun zama mutane."

Na ce, "Hajja, zamani ne."

"Zamanin wake! Kuma tattabara? Mai kiwon tattabara ko alƙali ba ya karɓar shaidarsa, kullum idonsa na saman gidajen mutane."

Na ji daɗin faɗan. In tana faɗa, tana nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Wake yana aiki. Har rige-rigen ɗaukar shara suke yi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Sau uku yau Hajja ta tambaye ni, "Ina Ƙusay?" Na ce yana aikin makaranta. Ta ce, "Ranar Juma'a?"

Tun da muka dawo bai taka ɗakinta ba. Yaron da har ya shiga aji biyu a bayanta yake kwana, wanda take ɓoye wa alewa a cikin matashi, yanzu in zai wuce ƙofarta sai ya manne da ɗaya bangon. Na tare shi a kicin na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗakin yana wari. Kuma fuskarta ba tata ba ce."

Na ɗaga hannu, na sauke. Ba ƙarya ya yi ba.

Ita kuwa kunnenta na bakin ƙofa. In ta ji takunsa sai ta gyara ɗankwali, in takun ya wuce sai ta juya ta kalli bango. Duk abin da likita ya faɗa na ɗauka, amma wannan ba zan iya ba. Ba na so ta tafi da tunanin yaron nan ya guje ta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi abin da ko a nan ina jin kunyar rubutawa. Na ce masa zama da Sitti (haka yaran ke kiran Hajja, wato Kaka) wake biyar ne. Na ce tsakaninmu ne, kar Lujain ta ji, kar Sitti ta ji.

Ya tambaye ni, "Na minti nawa?"

Na ce har ta gama ba shi labari ɗaya.

Ya shiga yana numfashi ta baki. Na tsaya a bayan ƙofa na ji ta ce, "Maraba da Abu Tattabara! Ashe ka tuna hanya?" Ta yi dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin asibiti. Na koma kicin na ƙirga biyar na zuba masa.

Talata, 22 ga Oktoba, da azahar

Ɗan nawa ɗan kasuwa ne. Ya gano cewa maganin da nake ba ta da rana yana kwantar da ita har magariba, sai ya riƙa jira ta yi barci, ya shiga ya zauna da wayata yana wasa, ya fito ya miƙo hannu. Na kama shi yau. Na kafa sabuwar doka: ba a lissafi sai idon Sitti biyu.

Ya ce ba adalci. Na ce doka doka ce.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

An aiko da sabon man zaitun daga ƙauye, garwa guda. Duk shekara ita ke fara tsoma yatsa ta yanke hukunci. Na kai mata a ɗan kofi. Ta ɗanɗana, ta daɗe, ta ce, "Ki tambayi wani."

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Ina goge wa Hajja ƙafa, Ƙusay ya tafi sayo burodi, sai Lujain ta shigo ta hau gado ta naɗe ƙafafu.

"Sitti, ni ma na zauna. Mama, ki ba ni biyar irin na Ƙusay."

Hajja ta ce, "Biyar ɗin me, 'yar Sitti?"

"Wake mana. In ya zauna da ke biyar ake ba shi. Amma in kina barci ba a ba shi ko ɗaya."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da goge ƙafar da ta riga ta bushe. Na jira faɗa, na jira ta ce in fita mata daga ɗaki. Can ta ce, "Shara biyu, ni biyar. To, alhamdulillahi, na fi shara."

Na ce, "Hajja..."

"Miƙo mini carbina."

Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Bakina ya ƙone yau.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da la'asar

Ba ta tayar da maganar ba. Da ya dawo daga makaranta ita da kanta ta sa aka kira shi.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta ƙi shan maganin rana. Wai yana sa bakinta ɗaci. Na ce to rabi. Ta rufe baki kamar Lujain. Na dare kaɗai ta yarda da shi.

Ƙusay ya shiga sau biyu, kuma na lura ya daina numfashi ta baki. Tana ba shi labarin shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar gidansu a ƙauye, sai da aka fitar da jakinsu ta taga. Ya ce jaki ba ya shiga taga. Ta ce nasu ya shiga, don yunwa ta rage shi.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma

Yau ma ba ta sha ba. Bayan ya fita na je gyara mata shimfiɗa, na ga bakin ɗankwalinta jiƙe sharkaf, duk sawun haƙora.

Nidal ya kira. Mai gidansu bai dawo ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan magariba

Ban san abin da ya shiga kan Ƙusay ba. Kwalbarsa ta kusa zare, saura kamar faɗin yatsa biyu, sai ya zama wani yaro daban. Ya fito daga wurin Sitti, na zuba masa biyar, ya wuce kai tsaye ya ja gashin Lujain. Na cire uku. Da muka zauna cin abinci ya ce miyar tawa kamar ruwan wanki. Na cire biyu. Ko gardama bai yi ba, shi da yake ciniki a kan ƙwaya ɗaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Ya fasa farantin baƙi. Ina kallonsa ya sake shi.

Asabar, bayan la'asar

Ya zo ya same ni ina shanya. "Mama, na zagi Lujain, ba ki ji ba. Na ce mata jaka. Cire." Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa ganin yaron da ya kawo ƙarar kansa yana gaggawa ba. Na cire, don ni na kafa dokar. Kwalbar tana nan inda take tun Alhamis.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da azahar

Yara suna makaranta. Na shiga da maganin da ruwa, na ce yau sai ta sha ko mu ɓata. Ta dube ni da idanun da suka faɗa ciki, ta ce, "Saura nawa?"

"Me?"

"Kar ki mayar da ni yarinya, Ummu Ƙusay. Kwalbar. Saura nawa?"

Sai a lokacin na gane. Na zauna a ƙasa. Na ce yau ɗin nan zan cika masa kwalbar, ko in je in sayo tattabarun a huta.

"Ki saya masa da wane dalili? Yana kallo zai gane. Ki bar yaro ya ci guminsa."

"To na soke dokar. Ko kina barci zan ba shi."

"In ina barci me na ba shi? Kuma ni me na gani?" Ta ja numfashi ta jira abin ya lafa. "Awarwarona sun tafi asibiti. Gonar ta 'yan'uwa ce. Na duba, ban ga abin da zan bar wa yaron nan ba. Sai ga shi kin sa wa idona kuɗi. Idona biyu shi kaɗai ya rage mini mai daraja a gidan nan, ki bar ni in kashe abina."

Na ce ciwon fa?

Ta ce, "Gyambon ciki ne, ba haka kuka ce ba? Gyambo ba ya kisa." Ta yi mini wani murmushi da na gwammace mari a kansa. "Kar ki gaya masa. Kuma ki daina cire masa, ke ma kin cika tsanani."

Na fito da maganin a hannuna yadda na shiga da shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ya zubar da madara da gangan, na yi kamar ban gani ba. Ya ce wa Lujain mai kan kabewa, na ce Allah ya shirye ka. Ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta yi ja.

"Ba za ki cire ba?"

"Na yafe."

"Ba a yafewa! Ke kika ce doka doka ce!"

Ya fizgi kwalbar, ya zura hannu ya dumbuzo, ya watsa a kwano, ya haye sama da gudu. Na bi shi. Can saman bene, bayan tankin ruwa, na tarar ya haɗa akurki da akwatunan tumatir da waya, har da ɗan kwanon ruwa. Yana zaune a gabansa ya rungume gwiwoyi.

Na zauna kusa da shi. Na ce, "Ga gida ka gina, kuma kana korar masu gidan. Me ya sa?"

Ya ɗaga kai. Ana ta kaɗa tattabarun unguwa a sama, masu su suna fito suna juya tsumma a kan sanda.

"Sitti ta ce ba inda za ta sai ta ga tattabaruna."

Na ce, "Za ta ina?"

Ya juyo ya dube ni. "Mama, ni ba Lujain ba ne."

Ita tana cizon ɗankwali don kwalba ta cika, shi yana fasa faranti don kar ta cika, ni kuma ina tsakiya da kwanon wake ina ƙirga musu. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani kwanon nan ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Ta ce kar in gaya masa. In ban gaya masa ba zai ci gaba, ita kuma za ta ci gaba. Jiya da la'asar na ji sautin da ta yi da ta zaci ba kowa a kusa.

Shekararsa tara. Ya Allah, shekararsa tara.

Talata, bayan azahar

Na gaya masa. Na tare shi a matakala kafin ya ajiye jaka, na ce Sitti ba ta shan maganin rana don kar ta yi barci ya rasa wakensa, kuma ba za ta sha ba sai kwalbar ta cika. Na ce ciwon yana da yawa, ya fi yadda take nuna masa.

Ya ce, "Ta san ana biyana?"

Na ce ta sani.

Ya jingina da bango. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya ce, "In ta cika za ta sha?"

"Za ta sha."

"In ta sha ba za ta ji ciwo ba?"

"Ba za ta ji ba."

Sauran tambayar bai yi ta ba, ni ma ban taimaka masa ba. Na ce bari in zuba sauran da hannuna, ba wanda zai sani. Ya ce, "Za ta sani. Tana jin ƙarar kowane ɗaya."

Laraba, 6 ga Nuwamba, da magariba

Bai je makaranta ba, ban kuma ce ya je ba. Ya gyara shimfiɗarsa da ta Lujain da tawa. Ya wanke kwanuka, ya share falo, ya goge ranar da ke bango har fenti ya tashi. Ya wanke matakalar gidan tun daga sama har bakin titi, da ruwan sanyi, hannayensa sun yi jawur. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Masha Allah, Ummu Ƙusay, wace addu'a kike masa? Ki ba mu." Na ce Allah ne.

Duk aikin da ya gama sai ya zo ya tsaya a gabana ba magana, in zuba, ya duba zare, ya nemi wani. Tsakanin aiki da aiki yana shiga wurinta. Na ji tana ce masa, "Kai, Abu Tattabara, sannu da aiki. Wa ya aiko ka?" Ya ce, "Ba kowa. Ƙarasa mini na jakin."

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da la'asar

Wake ya taɓo zare. Shi ya kai mata kwalbar da hannu biyu.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Ni kaɗai ce mace a kasuwar tsuntsaye. Mai tattabarun ya so ya lalubo mana tsofaffi, Ƙusay ya buɗe fiffike ya duba, ya hura gashin ƙirji, ya mayar masa. Ya zaɓi farare biyu masu baƙin wutsiya. A mota bai leƙa kwalin ba ko sau ɗaya.

A bakin ƙofarta ya tsaya. Na zaci ba zai shiga ba, kuma da ya juya ba zan hana shi ba. Ya shiga.

Ta sa na tayar da ita zaune. Ya ɗora mata macen a cinya, ta rufe ta da tafukanta, ta daɗe tana jin bugun ƙirjinta. Ta ce, "Ji wata munafuka, sai rawar jiki take. Shi ke nan, an yi asarar jika. Daga yau ba mai karɓar shaidarka." Ya yi ƙoƙarin dariya.

Ta sumbaci kansa, ta ce, "Da guminka ka saya, kar ka bari kowa ya ce maka kyauta ce." Sannan ta dube ni. "Malama, ina maganin nan naki mai ɗaci?"

Shi ya riƙe mata kofin.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

Tana barci. Fuskarta ta saki.

Talata, 12 ga Nuwamba, da azahar

Nidal ya iso. Ta buɗe ido, ina jin ta gane shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

An tashi zaman makokin Hajja, an zo an kwashe kujerun haya. Kofin gahawa mai ɗaci ko'ina, har kan taga. Lujain tana tambaya yaushe za a mayar da gadon Sitti ɗakinta.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tun ranar Laraba da ta rasu ba wanda ya taɓa kwanon wake, kuma ba wanda ya tambaya. Ƙusay yana hawa sama safe da yamma, ya zuba wa tsuntsayen hatsi, ya sauya ruwa, ya sauko. Bai sa musu suna ba.

Yau ya daɗe, na hau na same shi. Bai juyo ba ya ce, "Mama, da na ci gaba da fasa faranti, da har yanzu tana nan?"

Na durƙusa na riƙe kafaɗunsa. Na ce a'a. Na ce kwananta ne ya ƙare, wake ba ya riƙe rai kuma ba ya sakinsa. Na ce abin da ya yi shi ne ya ɗauke mata ciwo, abin da ni da babansa da likita muka kasa.

"Rantse."

Na rantse masa da Allah.

Ya ce, "To." Irin "to" ɗin da yara ke ce mini a aji in ba su gamsu ba, suna so in ƙyale su kawai.

Gobe zan sake faɗa masa. Jibi ma.